Ranar da Mushe Kailu Ya Zama Waliyyi

Kiristocin Filinge ba su da yawa. In sun taru ranar Lahadi a ƴar majami'arsu, inuwar bishiyar bedi guda tana isarsu, har a samu wurin jingine babura. Yawancinsu aiki ne ya kawo su: akwai wata ma'aikaciyar jinya ƴar Benin, akwai bakanike ɗan Togo, sai wasu ma'aikatan gwamnati da ake canja wa gari tun ba su gama sanin hanyar kasuwa ba. Manomi a cikinsu mutum ɗaya ne tak, Mushe Kailu, Ba'are, wato ɗan ƙabilar Arawa, daga Dogon Dutsi, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, wanda ya koya wa rabin garin karatu, ya ajiye alli, ya ƙi komawa gida. Ya ce ya riga ya saba da ruwan Filinge, ga shi kuma yana da gona a tudun gabas.

A waccan shekarar abu biyu ne suka hana Kailu sukuni, kuma dukansu matarsa Haske ce ta rasu ta bar masa su.

Na farko wasan kwaikwayo ne. Tun Haske tana yarinya a Dogon Dutsi, wata tsohuwar Masera ƴar ƙasar Sipaniya, irin matan cocin nan da ba sa aure, ta koya musu shi da baki. Ta ce a ƙasarsu, wajen shekaru ɗari huɗu da suka wuce, lokacin da talaka bai iya karatu ba, da wasa ake koya masa labarin waliyyai. A ɗora ƴan wasa bisa manyan amalanke a yi ta jansu unguwa-unguwa, maƙera su ɗauki nauyin wani sashe, masaƙa su ɗauki wani, a sauko da mala'iku da igiya daga saman soro, Shaiɗan kuma ya fito da wutar albarushi a wutsiya yara su watse. Wanda ta koya musu na Waliyyi Isidoro ne, ɗan ƙwadagon da ke noma gonar wani mai arziki. Kullum sai ya tsaya sujada kafin ya tafi aiki. Abokan aikinsa suka kai ƙararsa wai malalaci ne, maigidan ya je ya laɓe don ya kama shi, sai ya tarar da shi a durƙushe yana addu'a, mala'iku biyu kuwa suna yi masa huɗa da fararen shanu.

Haske ta riƙe wasan nan kaf a kanta. Tana daka tana maimaita shi, tana tankaɗe tana canja murya, har Kailu ya haddace shi ba da niyya ba. Kowace shekara takan ce ya kamata su yi shi a Filinge, shi kuma yakan ce baɗi. Duk wanda ya taɓa roƙon Kailu ya gyara masa wani abu ya san tsawon baɗinsa. Yana nan yana baɗi har ta tafi.

Na biyu damin iri ne da ke rataye a turaka. Kowace kaka Haske takan bi gona tun kafin girbi, ta zaɓi zangarnun da suka fi cika ta ɗaure su daban. Gargasa ce, hatsin nan mai gashi wanda tsuntsu ke shakkar sauka a kansa, irin da ta taho da shi daga gonar uwarta tun tana amarya. Bara ruwan shuka ya sauka suna asibiti a Yamai, can kuma ta cika. Da Kailu ya dawo hatsin mutane ya riga ya rufe ƙasa. Bai yarda ya jefa irinta a makare ba, ya sayo na kasuwa ya shuka, ya girbe kara. Iri kuwa ba ya jira har abada. Wannan damin in ya sake tsallake damina, rabinsa ba zai tsiro ba, kuma babu wani bayan shi. Rumbun ma ya kusa kai ƙasa, amma ba rumbun ne ke damunsa ba.

Bana dai Kailu ya ƙudura sai an yi wasan ranar idin waliyyin. Idin a tsakiyar watan Mayu yake, lokacin da Kurfai, ƙasar da Filinge take, ke cikin zafi ba a ko maganar hadari, saboda haka Kailu ya lissafa zai gama wasa ya huta kafin shuka. Amma Monper, wato limaminsu, daga Yamai yake zuwa, kuma tun da hanya ta daina aminci ba duk ranar da ya so yake samun tahowa ba. Ya ɗaga ranar, ya sake ɗagawa, har ta je ta faɗa bakin damina. Kailu ya fara kallon gabas fiye da yadda yake kallon ƴan wasansa.

Su kuwa ƴan wasan sai a hankali. Bakaniken ya ce shi ne Shaiɗan, ya zo da gilashin walda da wutsiyar tsohuwar taya, ba wanda ya yi masa gardama. Mala'iku aka bai wa ma'aikaciyar jinya, mace mai jiki wadda in ta taka ƙasa ƙasa ta sani, da wani siririn magatakarda da bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Shanun huɗa Kailu ya cire su tun ranar farko. Ya ce ba wanda ke sa garma a rairayin Kurfai, in mala'iku suka fito da ita manoma dariya za su yi musu. Shuka za su yi kamar kowa: ɗaya ya wuce gaba da sungumi yana saran rami a kowane taki, ɗaya ya bi shi da ƙwarya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ya sha wahalar koya musu. Magatakardan kullum sai ya sari takalminsa.

Buba, Bafulatanin da ke kiwo a gefen gari, shi ya ba su aron amalanke da jaki. Da yake Fulani da Arawa abokan wasa ne, bai bayar a banza ba, sai da ya zagaya kasuwa yana shelar cewa Ba'are zai zama waliyyi, kowa ya tuba duniya ta zo ƙarshe.

Wanda bai ga abin dariya ba shi ne Zaidu. Maƙwabcin Kailu ne a gida, katanga ɗaya ta raba su, maƙwabcinsa ne kuma a gona, layin gamba ya raba su. Raƙumi ya taɓa karya masa ƙafa yana saurayi, ta ɗore a gajarce, yana tafiya yana ɗingishi, amma a noma ba saurayin da ke iya bin sa. Gonar Kailu a hannun baffan Zaidu aka saye ta. Tun wata shekara da iska ta binne gambar iyaka aka sake dasa ta, kowannensu ya tabbata a ransa an ci masa wuri, gaisuwarsu ta koma gajera. Matar Zaidu, Mairo, ƙawar Haske ce, ita takan leƙa ta katanga in ana gwajin wasa, ta koma ta ba mijinta labari tiryan-tiryan. Wata safiya Zaidu ya tare Kailu a ƙofar gida.

"Mala'ika ba abin wasa ba na, Mushe," in ji shi. "Kuma wane irin waliyyi na za shi bar gonar mutane shi tahi addu'a? Mu nan raggo mu ka ce mai."

Kailu ya ce ya ji. Ya so ya ƙara magana, ya ga ba ta da amfani, kowa ya kama hanyarsa.

Monper ya iso ana gobe wasa, tare da ƴan Kiristocin garin Baleyara cike da mota guda. Da la'asar suna gwaji na ƙarshe iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin, kafin a kwance jaki ruwa ya tsuge. Ba yayyafi ba, ruwa na sosai, irin wanda ke cika kwalbati ya kwashe takalman yara. Gari ya ɗauki guɗa. Da ya tsagaita Kailu ya fita bayan majami'a ya tona ƙasa da hannu, laima ta wuce masa wuyan hannu tana neman gwiwar hannu. Ruwan shuka ne, ba shakka. Kowa a Kurfai ya san rairayinsu ba ya riƙe amana: gobe ne ranar shuka, jibi sai dai a yi ta bin kwari ana neman inda ya rage.

Goben kuwa ta riga ta cika. Da yake Monper ya daɗe bai zo ba, aiki ya taru masa: sujada da safe, baftismar jarirai, sa wa wani aure albarka, sannan wasa, sannan ya kama hanya tun da sauran rana. Ɗan ƙwadago kuwa ko da me za ka biya ba ka samunsa ranar shukar fari, kowa yana tasa gonar. Monper da kansa ya kira Kailu gefe ya ce ya tafi gonarsa, Allah ba zai riƙe shi da laifi ba, wasa a yi shi wani zuwan. Kailu ya tambaye shi yaushe ne wani zuwan. Monper shi ma bai sani ba.

Da gari ya waye Kailu ya sauko da damin irin daga inda yake rataye. Ya riƙe shi, ya shinshina, ya ji ƙanshin hayaƙin girkin da aka daina yi a gidan. Ta katanga yana jin gidan Zaidu ana haɗa sungumi da ƙore, ana kiran yara. Ya daɗe a tsaye. Ya tuna sau nawa ya ce mata baɗi. Ya mayar da damin ya rataye, ya kulle ɗakin, ya sa tsohuwar rigar noma wadda ita ce kayan waliyyi, ya nufi majami'a zuciyarsa tana can tudun gabas.

Sun aro bencina daga lakwal saboda maƙwabtan da suka yi alkawarin zuwa kallo. Bencinan suka wuni suna shan rana. Garin ya zama wayam, ba kowa sai tsofaffin da ƙafa ta ƙi kai su gona da jikokin da aka bar musu. Kailu ya san dalili, shi ma da a ce shi ne da can zai kasance, amma duk da haka abin ya sosa masa rai.

Aka yi wasa. Jakin Buba ya ja amalanke ya kewaya farfajiya, ya zaɓi daidai lokacin da mai arziki ke faɗa ya ɓarke da kuka. Shaiɗan ya fito da gilashin waldarsa yana raɗa wa ƴan ƙwadago tsegumi, wata jaririya da aka yi wa baftisma da safe ta tsala ihu sai da aka fita da ita. Tsofaffin Musulmin da suka zo suka yi dariya har da hawaye, wata ma ta yi ta tsine wa Shaiɗan da gaske. Sannan aka zo inda waliyyi zai durƙusa ya juya wa gona baya.

Kailu ya durƙusa. A bayansa ya ji sungumin magatakarda yana faɗuwa a ƙasa, tif, tif, ya ji ma'aikaciyar jinya tana jan diddige. Sai kalmomin da ya haddace suka gudu suka bar shi, ko guda bai tuna ba. Abin da ya fito daga bakinsa nasa ne. Ya ce, ya Ubangiji, ga ni nan inda na ce zan zo. Gona tana can ba kowa a cikinta, ƙasa tana bushewa, kai ka san abin da ke rataye a ɗaki. Ban iya raba kaina biyu ba. Na bar maka. Masu kallo suka ɗauka cikin wasan ne. Monper ya cire tabarau yana gogewa. Da aka gama aka yi ta tafi, tsofaffin nan suna cewa ashe su ma Nasara suna da waliyyai masu hankali. Kailu ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, wanda ya daɗe yana ɗauke da shi. Ya cika wa Haske ɗaya, ya gode wa Allah a kan wannan, ko da ɗayan ya kuɓuce.

Washegari tun da sassafe ya sussuke irin a ƙwarya, ya saɓa sungumi, ya tafi ko zai samu sauran laima a gindin gawo. Yana hawa tudu ya tsaya cik. An shuke gonar. Daga gamba har gamba, layi bayan layi, kowane rami an rufe shi an danne da diddige.

Ya sunkuya ya duba sahun. Mai shuka sa hannunsa a takinsa yake, kowa da faɗin nasa. Layukan da ke bakin iyaka rami biyu kusa, na gaba nesa, biyu kusa, na gaba nesa. A duk Filinge mutum ɗaya ne ke taki haka.

Ran Kailu ya ɓaci. A ƙasar nan ba a shuka gonar mutum haka kawai. Wanda ya zuba iri a ƙasa cewa yake yi tasa ce, kuma rigimar gona da yawa da haka take farawa: a jira mai ita ya yi sakaci damina guda, a shuke, in an je gaban maigari a ce ai kowa ya ga wanda ya noma. Shi ga shi baƙo, ba dangi a garin, bara bai yi abin kirki a gonar ba, bana kuma ranar shuka an gan shi yana wasa da jaki. Wato Zaidu ya jira har ya ga ya durƙusa ya juya baya, ya karɓe gonar baffansa. Kailu ya juya da ƙwaryarsa a hannu ya nufi gidan maigari, yana tafe yana shirya maganar da zai yi, da Faransanci ma saboda haushi.

Hanyar ta bi ta rijiyar da Buba ke shayar da shanu. Buba ya hango shi ya tambaye shi ina waliyyi za shi da ƙwarya, fuska kamar wanda kunama ta harba. Kailu ba ya cikin yanayin wasa, ya faɗa masa abin da ya gani da inda ya nufa. Buba ya saki igiyar guga, ya zauna a bakin kwamin da shanu ke shan ruwa, ya yi dariya har shanu suka ɗaga kai.

"Ba'are dai Ba'are na, ko an naɗa mai waliyyi," ya ce da ya samu numfashi. "Tahi ka kai ƙara. Amma ka haɗa da ni, don layin da ab bi gindin gawo ni na shibka shi. Ka haɗa da Hamza tela, da ɗiyan Zaidu duka, har da liman."

Kailu ya ajiye sungumi. Buba ya ba shi labari yana yi yana tsokana. Jiya da aka sallame sallar asuba, mutane na rige-rigen takalma kowa na son ya riga rana zuwa gona, sai Zaidu ya tsaya a ƙofar masallaci ya tare hanya. Buba ya miƙe ya karkace kafaɗa yadda Zaidu ke yi, ya kwaikwayi muryarsa:

"Bara mutumen ga ya rasa ruwan hwari wajen jinyar matatai, muna kallo, ba wanda yaɗ ɗaga sungumi. Bana za shi rasa shi wajen bautatai. Wasan nasu ban yarda da shi ba. Amma ni ba ni iya shibka tawa ina kallon tashi huntuwa shekara biyu."

Wani ya ce to ina iri, ai ɗakin Mushe a kulle yake, kuma in aka je aka tambaye shi ba zai yarda ba. Zaidu ya ce kowa ya ɗiba daga ƙwaryarsa, shi ya fara juye tasa. Da gonar Kailu suka fara, tun ƙasa tana da laimarta duka, suka gama da hantsi, sannan kowa ya ruga tasa. Kafin su watse Zaidu ya sa su rantse ba wanda zai faɗa. Buba ya ce shi bai rantse ba, lokacin ya zagaya bayan gawo.

Kailu ya zauna a ƙasa, ƙwaryar a cinyarsa. Kunya ce ta fara kama shi, kunya mai zafi, don da Buba bai zo shayarwa da wuri ba da yanzu yana gaban maigari yana ƙarar mutumin da ya yi masa abin da ɗan uwa bai yi ba. Sannan godiya ta zo ta rufe kunyar, ta cika masa zuciya. Ashe lokacin da yake tafiya majami'a, mutanen da ya ji haushin rashin ganinsu a bencinan suna cikin gonarsa. Buba ya ga idonsa ya kawo ruwa, ya bar tsokana ya koma ga gugarsa.

Da yamma ya yi sallama a ƙofar Zaidu. Ya yi masa doguwar gaisuwa, irin wadda suka shekara da shekaru ba su yi ba, ya tambayi gida da gajiya da ruwa. Da ya fara kawo maganar godiya Zaidu ya ci gaba da tufkar igiyarsa bai ko ɗago ba.

"Ban san abin da ka ka hwaɗi ba, Mushe. Tambayi mala'ikun naku."

Daga cikin gida aka ji Mairo ta yi wani tari mai kama da dariya. Kailu ya tashi ya tafi, ya san iyakar abin da zai samu ke nan.

Amma akwai abin da ya rage masa a zuci wanda bai iya gaya wa kowa ba, don zai zama kamar butulci. Gonar ta cika. Ba inda zai zuba irin Haske. In ya cusa shi tsakanin ramukan mutane zai shaƙe, ya gauraye, kafin shekara biyu gargasar ta ɓace cikin sauran. Ya rufe ƙwaryar da faifai ya ajiye ta ƙarƙashin gado. An cece shi daga yunwa, ya gode har zuciya, amma abin da ya fi so ya tsira yana nan yana mutuwa a hankali cikin ƙwarya.

Da shuka ta tsiro yana bin iyaka yana duba ta, sai idonsa ya tsallaka gamba. Gonar Zaidu ta yi kore ko'ina, ban da wani dogon yanki da ke manne da iyakar, daidai wurin da suka daɗe suna ƙullatar juna a kansa. Nan ko tsiro ɗaya babu. Kailu bai buƙaci a yi masa bayani ba. Mutumin ya juye irinsa a gonar maƙwabci, nasa ya ƙare kafin ya kai ƙarshe, laima ma ta ƙare, kuma Zaidu ya gwammace a yanka shi da ya je roƙon iri.

Ruwa na biyu ya yi nawa. Shuka ta fara murɗe ganye, ana ta kallon sama, masallatai suna roƙo, majami'a tana roƙo. Da ya tashi zuwa kuwa ya zo da kyau. Da asuba Kailu ya ɗauko ƙwarya da sungumi ya hau tudu, ya tsaya a bakin gamba. Ya san sarai abin da ake nufi da shuka a gonar wani, shi da ya kusa kai ƙara a kan haka. Ya tsallaka.

Shukar mutum ɗaya wahala ce. Ya sari layi, ya ajiye sungumi, ya dawo ya bi shi da iri, ya sake komawa. Bai yi nisa ba ya ji takun da ya sani a bayansa. Zaidu ya tsaya yana kallonsa.

"Mushe, ka san abin da a ka cewa ga wanda yash shibka gonar da ba tashi ba."

"Na sani, Malam Zaidu. Kwanan baya ma na kusa kai wani ƙara ga maigari."

Gefen bakin Zaidu ya motsa, ya hana shi. Ya matso ya sa hannu a ƙwaryar, ya ɗebo ƙwaya ya baza a tafinsa, ya ga guntayen gashin da suka rage cikin sussuka.

"Na marigayiya na?"

"Shi na. Shi kaɗai yar rage, kuma gonata ta cika."

Zaidu ya mayar da ƙwayoyin a hankali, ya kaɗe tafinsa cikin ƙwaryar don kada ko ɗaya ta faɗi a banza. Ya miƙa hannu ya karɓi sungumin. Ya ce layin Mushe ya karkace kamar na ɗan lakwal, ya ba shi nan, shi ya bi shi da iri. Haka suka shuke yankin, Zaidu a gaba yana ɗingishi yana sara, biyu kusa, na gaba nesa, Kailu a baya yana jefa iri yana rufewa da diddige, aikin da Haske ta yi masa duk tsawon zamansu. Haka har suka kai ƙarshe.

Damina ta yi kyau daidai gwargwado. Da hatsi ya fitar da kai gonar Kailu ta tona asirin duk waɗanda suka rantse. Ga zongo mai dogon kai na gidan Zaidu ya kwashe fiye da rabi, ga gajere mai kauri na Buba a gindin gawo, ga ja-ja irin na Zabarmawa da Hamza tela ya samo daga Tondikandiya, ga na liman. Kailu yakan tsaya a tsakiya ya karanta gonar kamar yadda yake karanta sunayen ƴan aji. Da aka yi girbi ya kai wa kowane gida dami daga irin da ya fito daga ƙwaryarsa, kowa ya karɓa yana cewa bai san dalili ba.

Gargasar kuwa ta tashi a tsallaken gamba, tsuntsaye suka yi ta kewaya ta suna wucewa. Kailu bai taɓa ta ba, ƙasar ba tasa ba ce. Ya ishe shi ya ga ta tsiro ta yi kai, ya tsaya daga nasa gefen ya kalle ta da yamma. Ana saura kaɗan a girbe ta ya hango Zaidu da Mairo a cikinta, ita tana nuna zangarnun da suka fi cika yadda ta sha ganin ƙawarta tana yi, shi yana yankewa.

Da yamma aka yi sallama a ƙofarsa. Zaidu ne, da ƙananan dammuna biyu a kafaɗa. Ya sauke ɗaya ya jingine a bango. Kailu ya fara cewa ai gonar tasa ce, abin da ta bayar nasa ne, Zaidu ya katse shi.

"Guda naka, guda nawa. Ba na ci ba na, iri na. In wata shekara ruwa ya sake tarad da kai ga wasan naku, ba sai mun ɓalle ɗaki ba. Mun san abin da za mu shibka ma."

Kailu ya fara godiya. Zaidu bai jira ta ba, ya gyara nasa damin a kafaɗa ya juya yana ɗingishi. Kailu ya shiga turaka ya rataye irin a ƙusar da Haske ta kafa, ta katanga kuma yana jin Zaidu yana tambayar Mairo inda za a rataye nasu.